Da Wane Littafi Zan Fara? Amsa Ga Wani Ɗan Kasuwar Sabon Gari

Wani matashi mai shagon kayan gini a kasuwar Sabon Gari, nan Zariya, ya aiko mini da tambaya. Ya ce ya gama difloma shekara takwas da suka wuce, yana karanta Hausa sosai, Turancinsa kuwa na tsaka-tsaki ne, kuma yakan sami kamar sa'a guda bayan sallar isha'i. Littattafan nan na koyar da yadda ake yin arziki, waɗanda ake bajewa a bakin titi, sun gundure shi, domin ya lura duk maganarsu ɗaya ce. Yana so in ba shi sunayen littattafan ilimi, waɗanda ba ƙagaggun labarai ba, irin waɗanda mutum zai karanta don kansa ba don jarrabawa ba.

Malam, na yi fiye da shekara talatin ina aikin laburare a wannan gari kafin in yi ritaya, kuma akwai abin da na daɗe da lura da shi. Wanda ya zo neman littafi mai kyau aka miƙa masa wanda ya yi suna a duniya, sau da yawa yakan dawo da shi bai wuce babi na biyu ba. Waɗanda karatu ya zauna musu su ne waɗanda suka fara da littafin da ke magana a kan abin da suka san wani ɓangare nasa tun da farko. Dalilin a fili yake. Littafin ilimi da'awa ce marubuci ya yi, ya jero hujjojinsa, kuma mai karatu ba zai amfana da shi yadda ya kamata ba sai ya iya cewa nan marubucin ya yi daidai, nan kuma akwai gyara a maganarsa. Idan an ba ka littafi a kan tattalin arzikin Japan, ba ka da abin da za ka auna shi da shi, sai dai ka haɗiye duk abin da aka faɗa maka. Idan kuwa a kan Zazzau ne, ko fatauci, ko aure a ƙasar Hausa, kana da kakanni da maƙwabta da idanunka. Don haka zan fara da kai daga gida, sannan mu fita waje, kuma a wurare da dama zan ba ka littattafai biyu waɗanda ba su yarda da juna ba.

Ka yi sa'ar gari, domin a Zariya aka reni rubutun boko na Hausa. Nan Hukumar Talifi ta zauna ƙarƙashin Dokta Rupert East, nan aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a watan Janairu na 1939, nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sannan kamfanin buga littattafai na Arewa, wato NNPC, ya biyo baya a 1966. Littafin da nake so ka fara da shi daga wannan gida ya fito, wato Tafiya Mabuɗin Ilmi na Alhaji Abubakar Imam. Mutane sun fi sanin Imam da ƙagaggun labaransa, amma wannan labarin tafiyarsa ce ta gaske zuwa Ingila a 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, cikin ayarin editocin jaridun Afirka ta Yamma wanda har da Nnamdi Azikiwe a ciki. Littafin ba shi da kauri, kuma Hausarsa tana tafiya da mai karatu ba tare da wahala ba. Abin da za ka koya a cikinsa ya wuce labarin jirgin ruwa da birnin Landan: za ka ga yadda mutum mai hankali yake kallon baƙon wuri, yana kwatanta shi da nasa, yana yabon abin yabo ba tare da ya rena gidansu ba. Bayan shi ka nemi Ikon Allah, wanda Imam da East suka rubuta tare don bayyana halittu da al'amuran sama da ƙasa. Kimiyya ta yi nisa tun bayan rubuta shi, saboda haka kada ka ɗauki duk bayaninsa a matsayin magana ta ƙarshe, amma har yau ban ga littafin da ya fi shi nuna cewa Hausa tana iya ɗaukar bayanin kimiyya ba.

A fannin tarihi da Hausa akwai Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, juzu'i biyu, wanda aka fassaro daga tsofaffin rubuce-rubucen Larabci a farkon shekarun 1930, har da tarihin sarakunan Kano a ciki. Akwai Kano ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji, da Tarihin Fulani na Wazirin Sakkwato Junaidu. Waɗannan littattafai ne na ruwaya, suna kawo abin da aka gada daga magabata ba tare da yawan tankaɗe da rairaya ba, kuma da wannan fahimta ya kamata a karanta su. Wanda zai zama maka taswira shi ne Hausa a Rubuce na Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, wanda NNPC ta buga a 1988, domin ya bi tarihin rubutu cikin Hausa tun daga ajami har zuwa boko, kuma a kowane babi za ka tsinci sunayen wasu littattafan da za ka so ka nema.

Idan ka shiga na Turanci, Baba of Karo nake so ya zama na farko, kuma da za a ce in zaɓi littafi ɗaya tak cikin duk waɗanda zan ambata, shi zan ɗauka. Baba tsohuwa ce Bahaushiya da aka haifa wajen 1877 a wani ƙauye mai suna Karo, kusa da Zarewa, a kan iyakar Kano da Zazzau. Tsakanin ƙarshen 1949 da farkon 1950, tana zaune a Giwa, ta ba wata Baturiya mai suna Mary Smith labarin rayuwarta da Hausa, ita kuma ta rubuta, ta fassara, aka buga a 1954, bayan Baba ta rasu. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta riƙi 'ya'yan dangi, kuma ta ga zamanin da ake kai hari a kama mutane a gona, dangi su bi sawu da kuɗin fansa. Ta yi bayanin rinji da zaman bayi, da auren zumunta, da ƙawance, da bori, da yadda mace take fita daga auren da ba ta so. Turancin littafin mai sauƙi ne ƙwarai saboda maganar baka ce aka fassara, har za ka riƙa jin Hausar tana motsi a ƙarƙashinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma tarihin ƙasar nan da aka rubuta kusan duka daga bakin sarakuna da malamai da Turawan mulki ya fito, ba kasafai ake jin muryar mace talaka ba. Shawarata ita ce, duk babin da ka gama, ka je ka ba wata tsohuwa a danginku labarinsa, ka ji abin da za ta tabbatar da abin da za ta musa. Giwa ba nisa, kuma al'adun da Baba ta bayyana ba su gama ɓacewa ba.

Akwai wurin da Baba ta nuna cewa talakawa irin danginta sun yi maraba da zuwan Turawa, saboda hare-hare da kamen mutane sun tsaya. Kada ka tsaya a nan. Ka nemi British Colonisation of Northern Nigeria, 1897–1914 na Dokta Mahmud Modibbo Tukur, wanda asalinsa kundin digirin digirgir ne da ya rubuta a Jami'ar Ahmadu Bello, aka buga shi littafi a 2016, shekaru da yawa bayan rasuwarsa. Tukur ya koma ga rahotannin da jami'an mulkin mallaka suka rubuta da hannunsu, ya fito da ƙona garuruwa, da aikin tilas, da nauyin haraji, da tuɓe sarakuna, irin abin da ya sami Sarkin Zazzau Kwasau, da kisan da aka yi a Satiru a 1906. Littafi ne mai kauri, ba a gama shi a mako guda. Baba ta faɗi abin da ta gani daga ƙauyensu, Tukur ya faɗi abin da takardu suka nuna a faɗin Arewa, kuma babu maƙaryaci a cikinsu. Aikinka shi ne ka riƙe maganganun biyu a zuciyarka har ka ga yadda za su zauna tare.

Mijin Mary Smith, wato M. G. Smith, shi ne ya rubuta Government in Zazzau, 1800–1950, wanda ya fito a 1960. Duk Bazazzagi zai so ya leƙa shi, domin ya yi bayanin tsarin sarautu, da yadda mulki yake zagayawa tsakanin gidaje huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa, da yadda Sarki Makau ya fice ya yi kudu, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja. Sai dai in gaya maka gaskiya, babin farko da na ƙarshe nazari ne na masana zalla, kuma Turancinsu yana da tauri. Ka tsallake su, ka karanta tsakiyar littafin inda labarin sarakuna yake, babu laifi a cikin yin haka. Wannan littafi kuma zai koya maka cewa babban masani ma yana kuskure. Smith ya sa cin Zazzau a hannun masu jihadi a 1804, amma masanan da suka bi takardun Larabci na Sakkwato daga baya sun kai shi ƙarshen 1808. Dokta Yusufu Bala Usman, wanda ya koyar da tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru har rasuwarsa a 2005, sukarsa ta fi wannan zurfi, domin yana ganin raba tarihin ƙasar Hausa gida biyu, Haɓe da Fulani, kamar faɗan ƙabilu ne, yana ɓoye ainihin abin da ya faru. Ya shimfiɗa nasa ra'ayin a The Transformation of Katsina, 1400–1883, wanda maɗaba'ar jami'ar ta buga a 1981. Game da Daular Sakkwato kanta, The Sokoto Caliphate na Murray Last, na 1967, shi ne madogara har yanzu, ko da yake ya fi dacewa da wanda ya riga ya san sunaye da wurare. Wanda ya fi sauƙin shiga shi ne The Caliph's Sister na Jean Boyd, tarihin Nana Asma'u 'yar Shehu da tsarin 'yan taru da ta kafa don karantar da mata.

Tun da kai ɗan kasuwa ne, kada ka bar The Hausa Factor in West African History na Farfesa Mahdi Adamu, na 1978. Labarin fatake ne, da hanyar goro zuwa Gwanja, da zangunan da Hausawa suka kafa a garuruwa irin su Salaga, wato amsar tambayar da mutum yakan yi idan ya je Kumasi ko Akara ya ji ana ciniki da Hausa.

Siyasar Nijeriya tana da littattafai da yawa, kuma a nan ne ya fi kamata ka yi hattara, domin wanda ya rubuta tarihin kansa lauyan kansa ne. Sardauna ya rubuta My Life a 1962, kuma yana da kyau a ji yadda yake ganin kansa. Littafin John Paden a kansa, wanda kamfanin Hudahuda na nan Zariya ya buga a 1986, ya kusa shafi 800, saboda haka na ajiyewa ne a riƙa komawa gare shi, ba na karantawa a jere ba. Ka haɗa su da African Revolutionary na Alan Feinstein, tarihin Malam Aminu Kano da gwagwarmayar NEPU, don ka ji ɗaya ɓangaren. The Trouble with Nigeria na Chinua Achebe, na 1983, bai kai shafi ɗari ba, za ka gama shi a dare biyu, kuma ya rufe shi da babi a kan Aminu Kano. A kan juyin mulki da zamanin soja, Max Siollun nake ba mutane, musamman Oil, Politics and Violence, wanda ya ɗauki 1966 zuwa 1976, domin yana bin abin da ya faru daki-daki, yana kawo ruwayoyin ɓangarori daban-daban, kuma ba ya ɗaga murya. Wannan zamani ne da kowane yanki na ƙasar nan yake da nasa labarin da ya gada, kuma za ka ci karo da abubuwan da ba haka aka ba ka su a gida ba.

Daga nan sai mu fita waje, kuma ƙofar da na fi so a bi ita ce Muƙaddima ta Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332, ya rasu a Alƙahira a 1406, ya kuma rubuta wannan littafi a 1377. Idan kana da Larabci ka karanta asalinsa, in babu kuwa akwai taƙaitacciyar fassarar Turanci a juzu'i ɗaya, wadda aka ciro daga fassarar Franz Rosenthal. Tun a farkon littafin ya soki marubuta tarihi da ke kwafo labari ba tare da sun auna shi da hankali ba, ya ba da misali da adadin mayaƙa da ake ambatawa wanda ƙasar da ake magana a kanta ba za ta iya ciyar da su ba. Sannan ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan da ke kafa daula, da yadda jin daɗi yake cinye shi bayan 'yan zuriyoyi. Akwai babin da ya ce a farkon daula haraji kaɗan ne amma abin da ake tarawa da yawa, a ƙarshenta kuwa haraji ya yi yawa abin da ake tarawa ya ragu, saboda 'yan kasuwa da manoma sun karaya. Ina jin mai shago a Sabon Gari ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan babi.

Littafin da zai maye maka gurbin waɗancan na neman arziki shi ne Poor Economics na Abhijit Banerjee da Esther Duflo, na 2011, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019 tare da Michael Kremer. Tambayarsu ita ce me ya sa talaka yake yanke shawarar da mai kallo daga nesa yake gani kamar wauta ce, kuma amsarsu daga gwaji take fitowa. A yankin Udaipur na Indiya sun tarar yaran da ake kammala wa allurar rigakafi ba su wuce kashi 6 cikin ɗari ba. Da aka tabbatar ma'aikatan lafiya suna zuwa ƙauye a ranar da aka sa, aka kuma riƙa ba uwa kilo ɗaya na wani irin wake duk lokacin da ta kawo ɗanta, sai adadin ya kai kashi 38. Sun yi magana a kan adashi, da bashi, da dalilin da ya sa ƙananan shaguna ba sa girma, kuma a waɗannan babuka kai ne alƙali, domin ka fi su sanin kasuwa. A kan babbar tambayar abin da ya sa wasu ƙasashe suka ci gaba wasu suka tsaya, ka karanta How Europe Underdeveloped Africa na Walter Rodney, na 1972, wanda ya ɗora nauyin a kan cinikin bayi da mulkin mallaka, sannan Why Nations Fail na Daron Acemoglu da James Robinson, na 2012, wanda ya fi ba da ƙarfi ga irin hukumomi da dokokin da ƙasa take tafiya a kansu. Ni ina ganin kowannensu ya ja igiyarsa fiye da kima, amma gara ka karanta ka yanke naka hukuncin.

A kimiyya biyu sun isa a fara da su. Pathfinders na Jim Al-Khalili, masanin fiziks haifaffen Bagadaza wanda ya yi koyarwa a Ingila, yana ba da labarin Baitul Hikma a zamanin Halifa Ma'amun, da Khawarizmi wanda daga littafinsa kalmar aljabra ta fito, da Ibn Haisam da bincikensa a kan haske da gani, da yadda Biruni ya auna girman duniya ta hanyar tsayin dutse da lissafi. Na biyu shi ne A Short History of Nearly Everything na Bill Bryson, na 2003, wanda marubucinsa ba masanin kimiyya ba ne, shi ya sa yake yin irin tambayoyin da ni da kai za mu yi. Ya kamata ka sani tun yanzu cewa yana bayanin asalin halittu da shekarun duniya yadda masana kimiyya suke bayaninsu, kuma za ka haɗu da abin da zai sa ka nemi malaminka ku tattauna. Where There Is No Doctor na David Werner kuma ya cancanci zama a kowane gida, muddin an san cewa ba ya maye gurbin zuwa asibiti.

Saura maganar samu. Tsofaffin littattafan Hausa ka fara tambayarsu a shagunan da ke sayar da littattafan makaranta, domin wasu daga cikinsu ana sake buga su saboda ɗalibai. Na tarihi ka nemi maɗaba'ar Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, waɗanda suka ƙare a kasuwa kuma akwai Laburaren Kashim Ibrahim na jami'ar, da kuma Gidan Arewa a Kaduna, sai dai ka fara tambayar ƙa'idar shiga ga wanda ba ɗalibi ba. Masu sayar da littattafan gwanjo sukan sami na ƙasashen waje da araha, kuma idan ka ba mai sayarwa suna a rubuce, ka riƙa leƙa shi, yakan nemo. Ka duba littafi kafin ka biya, domin bugun sata ya yi yawa, kuma na taɓa sayen wani wanda shafi goma sha shida suka ɓace daga tsakiyarsa, ban gane ba sai da na kai wurin. Da sa'a guda a dare, shafi goma sha biyar zuwa ashirin na Turanci ya isa, ka ajiye ƙamus da ƙaramin littafin rubutu kusa, amma kada ka tsaya neman kowace kalma sai wadda ta hana ka gane jimla. Ka ba littafi shafi hamsin, in bai kama ka ba ka ajiye shi zuwa wani lokaci ka ɗauki wani. A wannan wata ka nemi Tafiya Mabuɗin Ilmi da Baba of Karo, in ka gama su ka sake rubuto mini abin da tsofaffin gidanku suka ce game da labarin Baba.